Bindigogi Shida da Ma'aunin Hatsi

Maigidana ɗan maharbi ne, jikan maharbi, sai Allah da ikonsa ya zaunar da shi a garin da ko tattabara ba a yarda mutum ya firgita ba. Duk wanda ya zauna a Makka ya san zancen. A cikin Harami ba a farauta, ba a tayar da tsuntsu daga inuwa don a zauna, in tattabara ta yi maka kashi a rawani sai dai ka yi hamdala ka wuce. A nan babban ɗan Sarkin Bakan garinmu ya yi zamansa, a unguwar Misfala, cikin ɗaki biyu na katako da buɗaɗɗun garewani. Wata biyu a shekara yana yi wa wani muɗawwifi, mai jagorar alhazai, tafinta da rakiyar alhazanmu, sauran wata goma yana huta gajiyar biyun. Ni kuwa hatsin tattabaru nake sayarwa a hanyar masallaci. Wato ɗan maharbi da ƙibar tsuntsaye yake cin tuwo, kuma ban taɓa ganin tuwon ya maƙale masa ba.

Ranar da za mu baro gida, surukina ya fito da bindigarsa ya miƙa wa ɗansa a gaban jama'a. Ya ce, "Aro na ba ka saboda hanya. Ka sauke farali ka dawo mini da ita da hannunka." Bindigar toka ce doguwa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda, ƙotarta naɗe da fata, layu rututu a jikinta. A tushen ƙarfenta, kusa da 'yar kafar da wuta ke shiga, akwai tsaga huɗu da rabi. Kowace tsaga ɓauna ce da tsohon ya kayar. Rabin kuwa ta wata ɓauna ce da ta karya masa ƙafa ta tafi da harsashinsa a jiki. Ya ce ba zai ba ta cikakkiya ba, ba kuma zai danne mata haƙƙinta ba.

A garinmu ba a naɗa sabon Sarkin Baka sai ya ɗura bindigar wanda ya gada a gaban maharba, ya tayar da ita kowa ya ji. Don haka kowa ya gane abin da tsohon yake nufi da wannan aro, igiya ce ya ɗaura wa ɗansa a ƙafa don ya dawo. Ni ma a jikin igiyar nan na rataya raina, domin na baro innata tsaye a bakin zaure, na ce mata shekara biyu kawai.

Shekara uku muka yi a hanya, muna tsayawa cirar auduga a ƙasar Sudan. Bindiga a naɗe cikin tabarma, tabarma a kaina. Malam, maigidan nawa, yana gaba da sanda da buta, wai shi ne mai duba hanya. Sau biyu ya harba ta a duk tafiyar. Na farko kura ya auna, ya sami randar wasu bayin Allah da muka sauka kusa da su. Na biyu zabuwa ya auna, ya kuwa same ta, sai dai ta gida ce, kuma mai ita yana nan kusa. Har yau in na shafa tsakiyar kaina ina jin wurin da gashi bai sake fitowa da kyau ba.

Muka iso, muka sauke farali, Malam ya ce baɗi za mu koma. Baɗi ta zo, ya ce baɗi. Ya kafa ƙusa biyu a bangon ɗakin gaba ya rataye bindigar. Umda, wato mai unguwa, ya taɓa zuwa duba ta, ya juya ta, ya leƙa bakinta, ya mayar da ita da kansa yana dariya, ya ce wannan ba makami ba ce, kayan ɗaki ce.

Wanda ya ɓata lamarin wani tela ne maƙwabcinmu, haifaffen Makka, wanda Hausar da ta rage masa ba ta wuce ta ciniki da ta zagi ba. Wata rana da hantsi maza suna shan shayi a ɗakin, ina jin su ta bayan labule, sai tela ya ɗaga kai ya ce, "Esh hada, mene ne wannan, ya ammi? Bindiga ce ko muciya? Wallahi duniya ta wuce a yi wa bindiga ɗure ta baki kamar jinjiri. Yanzu ta baya ake buɗewa, a sa harsashi, halas." Maza suka kwashe da dariya. Ranar Malam bai ci abincin rana ba, abin da ko rasuwa ba ta taɓa sa shi yi ba.

Akwai wani tsohon maƙeri a wajen kasuwa, ragowar zamanin sojan Turkawa, da akwatinsa na tsofaffin ƙarafan bindiga. Wurinsa Malam ya kai ta. Bai shawarce ni ba, ni da na yi dakonta, amma wa yake shawartar jaki game da kaya? Maƙeri ya sa zarto ya datse tushen ƙarfen, kimanin tsawon tafin hannu, ya liƙa wani sabon ƙarfe mai murfi da ake buɗewa gefe guda kamar murfin battar taba. Ya rage mata tsawo, ya kware fatar ƙota, ya cire layu don gudun masu wa'azi. Yanzu ba albarushi da sanda, sai harsashi mai kwanso cike da ƙananan ƙwayoyin dalma masu watsuwa. Bindigar ɓauna ta koma ta harbin tsuntsu, a garin da ba a harbin tsuntsu. Malam ya dawo da ita yana buɗe murfin yana rufewa, ƙwas, ƙwas, ya aika aka kira masa tela.

Maƙerin mutum ne mai tsoron Allah, bai riƙe guntun da ya datse ba, ya ƙunso shi a tsumma. Malam ya jefo mini ya ce in zubar. Ban zubar ba. Zan so in ce ƙaunar surukina ce ta hana ni, amma na tsufa, kabari ya matso, gara in faɗi gaskiya. Na duba guntun na ga a toshe yake ta ƙasa, ga nauyi, ga kauri ta waje, cikinsa kuwa da kyar babban yatsa yake shiga. Na toshe 'yar kafar wutar da danƙo na mayar da shi ma'aunin hatsi. Alhaji zai ga ina ɗiba da ƙaton ƙarfe ina zuba masa a faranti har sau biyar ina ƙirgawa da ƙarfi, ya tafi yana sa mini albarka, tattabaru kuwa su cinye abin kafin ya gama bisimilla. Shekara da shekaru ina wannan a inda ake hango hasumiyar masallaci. Allah ya yafe mini.

Daga nan ciwo ya kama Malam. Ashe irin waɗannan bindigogi, tsofaffin na ɗure da aka fasa wa baya aka sa wa murfi, suna nan warwatse a ƙasar, wasu tun daga ƙasashen Turawa aka juya su, wasu a nan. Ba mai so, domin mai son harbi ya sami wadda ta fi su. Malam ya shiga bin kasuwar gwanjo yana tsinto su. Ya sayi ɗaya hannun wani Balaraben ƙauye, ya musanya rigarsa ta gida mai aska da wata, har suka zama shida a bango. Kowace Juma'a bayan an sauko masallaci sai ya sauke su ya shafe su da man riɗi, wanda nake saya don miya. Harsashi biyu tak ya mallaka, su ma zafin Makka ya kumbura su, ba sa shiga ko ɗaya daga cikin shidan.

Lokacin aikin hajji kuwa ɗakinmu kasuwa yake zama. Bayan la'asar zai kwaso alhazai ya zaunar da su, ya ɗauko ɗaya ɗaya yana bayani. Wannan ta yi yaƙi a wuri kaza, waccan ta wani basarake ce, wannan ka ji ƙarar murfinta, ba irin ta sauran ba ce. Ni dai ƙwas nake ji duk iri ɗaya. A ƙarshe ya ɗauko ta mahaifinsa, ya sassauta murya, ya ba da labarin ɓauna huɗu da rabi, ya ce shi ne magaji, baɗi in Allah ya yarda yana hanya.

Sai shekarar da ruwa ya yi mana ɓarna. Misfala ƙasa-ƙasa take, duk ruwan da ya sauko daga duwatsu ta kanmu yake wucewa. Ya shiga ɗaki har ƙirji, bango ya jiƙe, ƙusoshi suka saki, bindigogi suka kwana biyu cikin laka. Malam ya bar ni da kwashe taɓo, ya tattara su shida ya kai wa maƙeri. Tsohon, da ido ya fara yi masa rauni, ya warware su gaba ɗaya a kan buhu guda, ya kankare tsatsa, ya sake wa biyu ƙota, ya mayar da komai inda ya ga ya shiga. Suka dawo baƙaƙe sumul, kai ka ce uwa ɗaya ta haife su. Tun daga lokacin na lura ta mahaifin Malam ta fara yawo. Bana ita ce ta kusa da taga, baɗi ta tsakiya, duk dai wadda ta fi sheƙi a ranar. Na ja bakina na yi shiru, ba don ba ni da abin faɗa ba.

Muna da shekara goma sha tara a Makka autan su Malam ya zo aikin hajji. Da mota da jirgin ruwa ya zo, wata biyu ya yi a hanyar da ta ci mana shekara uku. Na bar shi yaro mai goge wa ubansa bindiga, sai ga shi da furfura a gemu. Da ya shigo na ce, "Auta, kai ma tsufa ka yi? To wa zai aure ni in yayanka ya gaji?" Ya ce, "Matar Yaya, ai da na san haka kika koma da na yi zamana a gida." Muka yi dariya, sannan muka yi kuka.

Bayan an sauko daga Arfa ya zauna ya warware abin da ke tafe da shi. Tsohon ya rasu, wata bakwai ke nan. Maharba sun ƙi naɗa kowa, domin wasiyyar da ya bari ita ce a jira babban ɗansa, in ya zo da bindigar da hannunsa sarauta tasa ce. Auta ya sayar da shanu biyu ya zo da guzurin komawar mu duka. Sannan ya juyo wajen labule ya ce, "Innarki tana nan da rai. Ido ya tafi, amma duk alhajin da ya dawo sai ta sa an ja ta zuwa gidansa ta tambaye shi ko ya gan ki." Na shiga ɗakin ciki na buɗe akwati na fara ninke zannuwa. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so tafiyar nan ba.

Washegari da safe Auta ya ce a nuna masa bindigar Baba. Ina tsaye bakin ƙofa da farantin hatsina, ina shirin fita. Malam ya miƙe ya tsaya gaban bango, hannunsa ya nufi ta kusa da taga, ya fasa, ya sauka kan ta ƙasa. Ya miƙa wa ƙaninsa, ya buɗe murfi, ƙwas.

Auta ya karɓa ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Yaya, wannan ce?"

"Ita ce mana. Tasliha aka yi mata, wato gyara. Ka san nan ba kamar can ba ne, mutane sun waye."

"To ta ina za ka ɗura ta a gaban maharba?"

"Ta baya, ya shaihu. Su ma su ga ci gaba."

Auta ya shafa ƙarfen da babban yatsa, a daidai inda ya saba gogewa yana yaro. Ya ce, "Ina tsagar ɓauna?"

Malam ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Suna nan ƙarƙashin sabon ƙarfen, rufe su aka yi don kada su goge."

Na ga Auta ya haɗiye maganar. Mutumin kirki ne, ba zai ƙaryata yayansa ba. Ya ce dattawa za su yi gunaguni, amma in dai ta Baba ce, jini ba ya ɓuya, za a san yadda za a yi. Magana ta ƙare ke nan. Da na sa kai na fita wurin tattabaruna, da bayan kwana goma muna cikin jirgin ruwa. Amma bakina bai taɓa sanin ranar hutu ba. Cikin wasa, wallahi cikin wasa, na ce, "Malam, bara ba ta tsakiya ce ta Baba ba?"

Ya juyo, a gaban ƙaninsa, ya ce, "Ke da kika ƙare a bautar tattabaru, me ya haɗa ki da zancen maza? Tun da uwarki ta haife ki kin taɓa ɗaukar bindiga?"

Da zagina kawai ya yi da na shanye, na saba. Amma ni, da sanƙon da ke tsakiyar kaina, a ce ban taɓa ɗaukar bindiga ba? Na zaro ma'aunina daga cikin hatsi, na taka har tsakiyar ɗaki, na dangwarar da shi a kan tabarma tsakaninsu. Na ce, "Gaskiyarka, Malam, ban san komai ba. Auta, ƙirga mini wannan."

Auta ya ɗauka ya zazzage hatsin da ya rage a ciki. Ya juya shi. Ya sa farce yana bi, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya tsaya a kan rabin. Bai ce da yayansa maƙaryaci ba, da ma ya faɗa da ya fi sauƙi. Ya dai ɗora guntun a goshinsa, hawaye yana bin gemunsa, ya ce, "Baba."

Malam ya shiga kame-kame. Ya ce a ɗauki duk wadda ake so, a ɗauki biyu, a kwashe duka shidan a kai wa maharba, kowace ɗaya ta fi ta da sau goma. Auta ya ce, "Yaya, bar kayan adonka a bango. Wannan guntun zan kai, maƙerin gida zai haɗa masa baki ya koma bindiga." Sannan ya ƙara da cewa, "Guzurinku yana nan. Ka zo mu tafi, ka faɗa musu da bakinka, su ma 'yan Adam ne."

Malam ya dubi bango. Na san abin da yake gani, maharban garinmu a zaune da'ira, da shi a tsakiya yana bayanin yadda ya sa wa bindigar ubansa zarto saboda dariyar wani tela. Ya ce, "Ka yi gaba, baɗi ina tafe."

Ni na yi nasara a gardamar, ba wanda ya isa ya ce ba ni na yi gaskiya ba. Na koma ɗakin ciki na fitar da zannuwan da na ninke ɗaya bayan ɗaya. Baki shi ke yanka wuya, na sha faɗa wa mutane wannan karin magana, ban san da ni ake ba. Na roƙi Malam, na yi kuka, na ba shi haƙuri a kan laifin da rabinsa nasa ne. Bai yi faɗa ba, bai kuma motsa ba. Na ba Auta turare da dabino da ruwan zamzam ya kai wa innata, na ce ya gaya mata baɗi. Shi ma ya san ma'anar baɗi a gidanmu. Shekara biyu bayan haka wani alhaji ya kawo mini labarin rasuwarta, shi ne kuma ya ce an naɗa Auta Sarkin Baka, kuma bindigar da aka haɗa da guntun ta tashi da ƙara har an ji a ƙauyen gaba.

Na sayi ma'auni na gwangwani, mai faɗin ciki, na gaskiya. Tattabarun Harami suka fara ƙoshi a hannuna. Malam bai sake tara alhazai ba, amma bai fasa shafa man riɗi kowace Juma'a ba har ya kwanta ciwon ajali. Ban taɓa jin ya sake buɗe murfin ko ɗaya ba.

Bayan na fita takaba sai ga wani dillali daga Jidda. Wai akwai Turawa a can masu tara irin waɗannan bindigogi da aka juya, suna jera su a bango suna kiran baƙi su gani. Na ce ashe ciwon har da masu jajayen kunne. Ya sauke su shida ya dudduba, ya ce wadda take da labari ta fi daraja, kuma ya ji a unguwa cewa ɗaya daga ciki ta wani babban maharbi ce a ƙasarmu. Ya tambaye ni, "Ya Hajja, wacce ce ta mahaifinsa?"

Na dubi bangon, da ƙusoshi goma sha biyu a jere, na ce masa ya zaɓi wadda ta fi sheƙi.